Mai Kai Ruwa

Aikina kai ruwa.
Kofi ashirin da huɗu, tire ɗaya,
zauren Majalisa, Birnin Kebbi,
ranar Talata, fanka na juyi kamar an sa ta dole.

Tun farkon damina takarda ta zo daga gidan gwamnati
ɗauke da suna guda, Asabe Manu:
a tantance ta, ta hau kujerar babban joji.
Takardar ta ga yabanya, ta ga kaka,
har albasa ta isa cira a Aliero,
tana nan kwance ƙarƙashin tabaran Kakaki.

Sha ɗaya daidai Honarabul Ɗantani ya miƙe,
ya karya hula, ya roƙi minti biyar.
Na zuba masa kofin fari.
Ya gai da Kakaki, ya gai da sandar Majalisa,
ya gai da magatakarda har da kakan magatakarda,
ya faɗa tarihin gadar garinsu,
wa ya aza tubali, wa ya yi gaba da siminti,
tsadar taki, ciwon shanu,
da giwan ruwan da kawunsa ya kama a Matan Fada,
kifin da ke ƙara ƙiba duk sanda aka ba da labarinsa.

Wani ya ce, "Batun joji fa?"
Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa."
Ragowar karin maganar ya kora ta da ruwa.

Kofi na huɗu, an kira azahar.
Bai zauna ba, don wanda ya zauna ya saki magana.
Mutanensa na zamewa ɗai-ɗai da sunan alwala,
alwalar da ba a dawowa.

Bara waccan, da rinjaye ke hannunsu,
da idona na ga Ɗantanin nan yana dukan tebur,
yana cewa jan magana fashi ne da rana tsaka,
a soke dokar, a ƙayyade wa kowa minti goma.
Yau waɗanda suka ja a lokacin ke dukan tebur.
Teburin bai canza ba. Ni ke goge shi.

Inda nake wanke kofuna bango ba shi da kauri.
Ban ji an ce ba ta san doka ba,
ban ji an ce ta ci hanci ba.
Na ji kwamishina biyu, na ji kwangilar hanya,
na ji "su saki, mu saki."

Na kai mata ruwa ɗakin jira.
Jaka a cinya, biro a hannu, tana gyara wani rubutu.
Na ce, "Ranki ya daɗe, sai haƙuri."
Ta ce, "Shekara ashirin ina sauraron lauyoyi, yaro.
Wannan ko shaida bai kawo ba."

Waya ta yi ƙara a aljihuna: Inna Tumba daga Bunza.
Fadamarmu na kotu, ƙarar da muka ɗaukaka
na jiran hannun da zai miƙa ta ga alƙali.
An ɗage sau bakwai.
"Modi, mi aka ciki? Sun naɗa?"
Na ce ana kan magana, Inna.
Ta ce, "Hwaɗa musu shinkahwa ba ta san ɗage zama ba."

La'asar sakaliya aka ƙirga kawuna.
Ba su kai ba.
Guduma ta sauka, an ɗauke sanda,
sai bayan Sallah in Allah ya kai mu.

Ɗantani ya fito, murya ta dushe,
ya dafa kafaɗata yana murmushi:
"Zama na gaba ka sa mini zuma a ruwan ɗumi."

Kofi tara ya sha, na ƙirga.
Sai yanzu, da hannuna cikin kumfa,
na gane wa ya yi wa maganar nan ban-ruwa
tun safe, ba ta bushe ba.